Ina Takinmu Yake Tafiya?



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manoman shinkafa, daga Kura da Kadawa zuwa Auyo, daga Bakalori zuwa fadamun Argungu da Suru, har tsallaken iyaka wajen Gaya da Tillaberi. Sai ka ji manomi ya ce, "Ƙasa ta gaji." Wani kuma ya ce, "Gonar nan ta saba da taki, in ba ka ƙara mata ba, ba za ta ba ka ba." Kuɗin yuriya da kamfa na hawa, yawan buhunan da ake zubawa na hawa, amma buhunan shanshera da ake ɗaurewa ranar casa suna nan inda suke, wani lokacin ma su ja da baya. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Wannan ya ce irin ne ya gauraye, wancan ya ce takin jabu ne, wani ya ce maganin ciyawa ya daina ci. Duk suna faruwa, ba na musu. Amma yau so nake mu gangara ƙasa da nan, mu shiga cikin taɓon kansa, domin a can ake yanke wa buhun taki hukunci, ko ya zama ƙwayar shinkafa ko ya bi iska.

Matsakaicin abin da hekta ɗaya ke bayarwa a Najeriya bai wuce tan 2 da 'yar ɗoriya ba, alhali a Masar ya haura tan 8, kuma irin FARO 44 da ke hannun manomanmu na iya ba da ninki uku na abin da muke samu in komai ya daidaita. An ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi a watan Nuwamban 2015, an rufe iyakoki a 2019, an buɗe katafaren kamfanin yuriya na Ɗangote a Legas a 2022. An yi maganar bashi, an yi ta iri, an yi ta taki da injinan casa. Ƙasar da za ta karɓi duk waɗannan ita ce ba a cika tambayar lafiyarta ba.

Ƙasar gona abu ce mai rai. Ɗan abin da za ka tsinka da yatsu uku daga ƙasa mai kyau yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Masu sa cuta 'yan kaɗan ne a cikinsu. Irin waɗannan halittu ne ke mayar da madara nono, su ne ke mayar da kalwa daddawa. A gona kuwa, su ke ruɓar da kara da kashin shanu su saki abincin da ke ciki, su ke sauya yuriya zuwa abin da saiwa za ta iya sha. Wasunsu daga iskar da muke shaƙa suke kamo naitirojin, sinadarin nan da muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya, su ajiye shi a ƙasa kyauta. Wasu kuma akasin haka suke yi, su ɗauki wanda ka saya su mayar da shi iska. Wane ɓangare ne zai yi rinjaye a gonarka? Yadda ka ba da ruwa, da yadda ka zuba taki, da abin da ka yi da karan da ya rage bayan girbi, su ne za su zaɓa.

Mu fara da ruwa, tunda shi ya raba shinkafa da gero da dawa. Ranar da ka cika fangali da ruwa, ka toshe wa ƙasa hanyar numfashi. Iskar oksijin tana ratsa ruwa da jinkiri ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurin da take yi a sarari. Cikin kwana ɗaya ko biyu halittun ƙasa sun shanye ɗan abin da ya rage. Masu buƙatar iska sai su kwanta, waɗanda ke iya rayuwa babu ita su karɓi ragama. Su kuma waɗannan da wasu abubuwa suke numfashi a madadin iska, kuma bi da bi suke cin su. Abin da suke fara kamawa shi ne naitiret, wani nau'in naitirojin, su mayar da shi iska ya tashi. In ya ƙare su koma kan ƙarfen da ke cikin ƙasa, shi ya sa jar ƙasa in ta daɗe a ƙarƙashin ruwa take komawa toka-toka ko shuɗi-shuɗi. In aka ci gaba, wasu su far wa farar wuta, su fitar da iskar nan mai warin baragurbi. A can ƙarshe sai masu yin iskar metan, wadda kake gani tana ɓulɓulowa in ka taka taɓo.

Kada wani ya ɗauka ruwa abokin gaba ne. Kwanciyar ruwa na danne ciyawa, tana rage wa ƙasa mai tsami tsaminta, tana kwance fosfaras ɗin da ƙarfe ya riƙe. Ita shinkafa kuma Allah Ya hore mata ƙofofin iska a cikin ganye da kara har zuwa saiwa. Tana zuƙo iska daga sama ta kai ƙasa, har ta ɗan sam wa taɓon da ke kewaye da saiwarta, shi ya sa take rayuwa inda masara za ta mutu cikin 'yan kwanaki. Amma jure wa ruwa daban, buƙatar ta kwana a cikinsa wata huɗu cur daban.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Gobe in ka je gona, tuge gindi ɗaya, ka wanke saiwar ka duba. In fara ce, ko tana da jan tsatsa a jikinta, da sauran lafiya, domin tsatsar nan shaida ce iska na isa wurin. In ka gan ta baƙa, ta yi laushi, tana wari, to guba ta taru, kuma saiwar da ta kai wannan hali ko buhu nawa ka zuba ba ta iya sha. A fadamun ƙasar Nufe wajen Bida, inda cibiyar binciken hatsi ta Badeggi take, manoma sun san wata fuskar matsalar. Narkakken ƙarfe ne ke yawa a ruwan ƙasa, ganye ya yi ɗigo-ɗigo ja, ya koma launin tagulla. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka yunwar taki ce ya ƙara yuriya, alhali magudana gonar ke nema, da irin da ke jure ƙarfe.

Akwai kuma kyautar da ke cikin ruwan. A 1939 wani masanin Indiya mai suna P. K. De ya nuna abin da ya sa manoman ƙasarsa ke noma shinkafa a wuri ɗaya shekara da shekaru babu taki, amma ƙasa ba ta mutu ba. Wata gansakuka ce mai launin kore da shuɗi, wadda a haƙiƙa bakteriya ce, take kamo naitirojin daga iska. Daga baya aka gano wasu bakteriyar a cikin taɓo da jikin saiwa suna irin wannan aiki. Manoman Sin da Biyetnam kuwa sun yi ɗaruruwan shekaru suna rainon wani ɗan tsiro mai yawo a kan ruwa, azola, wanda ke ɗauke da irin wannan gansakuka a cikin ganyensa, su binne shi ya zama taki. A cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Los Baños a ƙasar Filifin, akwai filin da ake nomawa babu hutu tun farkon shekarun 1960, kuma a cikinsa akwai sassan da aka hana takin naitirojin da gangan. Shekaru da dama suna ba da amfani. Kaɗan ne in an kwatanta da masu taki, amma bai yanke ba. Ƙiyasin masu bincike shi ne waɗannan halittu na iya samar wa hekta abin da ya kai buhun yuriya ɗaya zuwa biyu a shuka guda in yanayi ya dace. Duk wanda ya taya buhu a kasuwa ya san darajar wannan.

To, ya muke yi da namu buhun? Yawancinmu watsa yuriya muke yi a kan ruwa mai zurfi, sau da yawa da rana tsaka. Nan take take narkewa, cikin 'yan kwanaki halittun ƙasa sun farfasa ta. Da rana gansakukar da ke ruwan tana sa shi ya koma mai kanwa-kanwa, a irin wannan ruwa kuwa takin ba ya zama, amoniya yake komawa ya tashi sama. Wanda bai tashi ba, wani ya bi ruwa ya tsallake kunya zuwa gonar maƙwabci ko magudana, wani ya faɗa hannun masu mayar da shi iska da na ambata. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa in aka watsa yuriya haka, abin da shinkafa ke samu bai fi kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ba. Cikin buhu uku ke nan, kusan biyu ba su shiga jikin shuka ba. Asarar ba ta tsaya nan ba. Da zarar naitirojin ya yi yawa a ruwan, gansakukar nan mai kamo shi daga iska sai ta ajiye aiki tunda ta samu a ɓagas, koriyar gansakukar da ba ta kamo komai kuma ta rufe ta. Ka yi asarar wanda ka saya, ka kuma kori wanda ake ba ka kyauta.

Gyaran wannan ba ya buƙatar wani sabon abu. Kamfa a cuɗa shi cikin taɓo lokacin gyaran fili, kafin dashe. Yuriya a raba ta, a ba da kashi lokacin da shinkafa ke 'ya'ya, a ba da kashi lokacin da take shirin ɗaukar ciki. Kafin a zuba a rage ruwa har ya zama laima kawai ta rage, a toshe mafita, sannan bayan kwana ɗaya ko biyu a sako ruwa ya tura takin cikin ƙasa. Abin da ya fi wannan shi ne dunƙulen yuriya, wanda cibiyar bunƙasa taki ta IFDC ta yaɗa a Bangaladash, aka kuma kawo shi nan Afirka ta Yamma har da Najeriya. Dunƙule ɗaya ake cusawa a tsakiyar gindi huɗu, zurfin santimita 7 zuwa 10, kamar mako guda bayan dashe, sau ɗaya tak. A wannan zurfin babu iska, don haka masu sauya shi zuwa naitiret ba sa kai gare shi, ruwan da ke kwance a sama ma ba ya ganinsa. Manomi kan rage kusan sulusin yuriyar da yake sawa, ya kuma samu ƙari a casa. Yana da wahalarsa, domin sai an yi dashe a layi, aikin duƙe ne mai cin baya da kuɗin ƙwadago, kuma ba a kowace kasuwa ake samun dunƙulen ba. A ganina, duk shirin tallafin takin da bai kafa injin dunƙula yuriya a wurare irin su Kura da Argungu da Talatar Mafara ba, rabin aikinsa ya yi.

Sai maganar kara, wadda ita ta fi ci mini rai. A wurare da yawa da an gama bugu sai ashana. Dalilin manomi a fili yake. Yana sauri ya shiga noman rani, karan na sarƙe garma da haro, yana kuma tsoron ya zama maɓoyar ɓeraye da ƙwari. Amma mu dubi abin da ke ci da wuta. Cikin fotash ɗin da shinkafa ta sha a gona, kusan kashi 80 cikin ɗari a kara yake zama, ba ya bin ƙwaya zuwa kasuwa. Na naitirojin kusan kashi 40 ne, na fosfaras kusan sulusi. Ga kuma silika, wanda ke ƙarfafa kara ya hana shi kwanciya, ya taimaka wa ganye jure cuta. Wuta tana tafiya da kusan dukan naitirojin ɗin, da wani kaso na sauran. Fotash ɗin da ya rage a toka kuwa wuri ɗaya yake tarewa, inda aka tara karan aka yi bugu, sauran gonar ta tashi a tutar babu. Babbar asarar ma ita ce karan kansa, domin shi ne abincin waɗannan halittu. Takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya ƙosar da su.

Ƙasarmu ta arewa da ma ba mai arzikin ruɓaɓɓen abu ba ce. A wurare da yawa bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, zafin ranarmu kuma na cinye shi da sauri. A Samaru ta Zariya akwai gwajin da aka fara tun 1950, ana kwatanta filin da ake sa wa kashin shanu, da wanda ake sa wa takin zamani, da wanda ake haɗa masa biyun. Gonar tudu ce ba fadama ba, amma abin da ta nuna ya shafe mu. Inda aka dogara da takin naitirojin na zamani kaɗai shekara da shekaru, ƙasa ta yi tsami, ruɓaɓɓen abu ya ragu. Inda aka haɗa biyun ne amfani ya ɗore. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai dai mayar da kara ma yana da ƙa'ida, kuma rashin sanin ƙa'idar ya ɓata wa abin suna. Wanda ya binne kara yau, ya sako ruwa gobe, ya yi dashe jibi, zai ga shinkafarsa ta yi rawaya ta tsaya cik. Halittun da suka taso wa karan suna buƙatar naitirojin kafin su narkar da shi, sai su kwashe na ƙasa su bar shuka da yunwa na ɗan lokaci. Ruɓewa babu iska kuma na fitar da tsami mai ƙona ƙananan saiwoyi, ga metan mai yawa. Manomin da ya gwada sau ɗaya ya ga haka, ba ka da bakin hana shi komawa wa ashana. Matsalar ta lokaci ce. A baza karan ko'ina a gona, a yi haro marar zurfi tun ƙasa na da 'yar laima, a bar shi mako uku zuwa wata guda yana ruɓewa da iska kafin ruwa ya shiga. In lokaci bai ba da hali ba, a kwashe shi gefe, a jera shi hawa-hawa da kashin dabbobi, ana yayyafa ruwa ana juyawa, ya zama takin shuka mai zuwa.

In kuma dabbobi za a ba, babu laifi, muddin kashin zai dawo gonar. Iyayenmu sun yi wannan tsari da makiyaya. Bayan girbi shanu su shiga su ci kara su kwana a gona, manomi har hatsi yake bayarwa don a zauna masa a tara taki. Rikici da rashin yarda sun kashe wannan al'ada a wurare da yawa, kuma cikin waɗanda suka tafka asara har da ƙasar kanta. Yanzu kara na barin gona a kan amalanke ko mota, kashin kuma ya tare a gari ko a ruga. Buntun da ke tsibi-tsibi a bayan injinan casa ma daga gonakin nan ya fito. In an babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, yana taimaka wa ƙasa mai rairayi ta riƙe ruwa, yana kuma yi wa wurin rainon iri kyau.

Wani sauyin da tsadar shinkafa ta kawo mana shi ne shinkafa bayan shinkafa. Damina ita, rani ita, fili ba ya bushewa. Manomin Kadawa ya saba in ya cire shinkafa ya sa alkama ko tumatir ko albasa ko masara, kuma ko bai yi niyya ba yana shanya ƙasarsa ne. A wancan fili na IRRI, inda ake shuka sau uku a shekara, amfani ya yi ta raguwa daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa farkon na 1990, duk da ana sa taki. Da aka auna, sai aka tarar naitirojin na nan a ƙasa bai ƙare ba, shuka ce ba ta samunsa yadda ya kamata. Bayanin da masu bincike irin su Kenneth Cassman da Dan Olk suka kawo shi ne, saiwa da kututturen da ke ruɓewa kullum a ƙarƙashin ruwa na barin wasu sinadarai masu ɗaure naitirojin. Amfanin ya farfaɗo bayan an gyara yawan taki da lokacin zuba shi, aka kuma riƙa barin fili ya bushe tsakanin shuka da shuka. Shanya ƙasa na tayar da halittu masu buƙatar iska su kwance abin da ya ɗaure. Amma aikin nan nasu cin ajiya ne, in ana shanyawa ba a mayar da kara ko takin gida ba, ajiyar ƙarewa za ta yi. Shi ya sa shan iska da mayar da kara ba sa rabuwa.

In za a sa wani abu a tsakani, wake da gyaɗa da waken soya sun fi, domin ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu gidan bakteriya ne masu kamo naitirojin. Fasa ɗaya ka gani, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki. Irin wannan shuka ta busasshiyar ƙasa kuma na dawo da wata fumfuna mai amfani da ke manne wa saiwa, ta miƙa zare cikin ƙasa tana jawo mata fosfaras, wadda doguwar kwanciyar ruwa ke raunanawa. Akwai ma wani ɗan'uwan zamarke da masu bincike a Dakar suka yi nazarinsa a farkon shekarun 1980, wanda ƙulle-ƙullensa har a jikin kara suke fitowa. Yana girma a cikin ruwa, a binne shi bayan mako shida zuwa bakwai ya zama taki. Tsiron yankinmu ne, ya je ya yi suna a gonakin gwaji na Asiya, mu kuwa da wuya ka sami irinsa a kasuwa.

Ko a cikin shuka guda ana iya barin ƙasa ta sha iska, kuma dabarar da IRRI ta daidaita mai sauƙi ce. A sami guntun fayif na roba mai tsawon santimita 30, mai faɗin da hannu zai shiga, a huhhuda rabinsa, a kafa shi rabin mai huji na cikin ƙasa, a kwashe taɓon da ke ciki. Bayan dashe ya kama, kamar mako biyu, a dakatar da ruwa a riƙa leƙa fayif ɗin. Ruwa zai ɓace a sama, ƙasa har ta fara 'yar tsagewa, kada a tsorata. Sai ruwan cikin fayif ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, wato inci shida, sannan a sake cikawa zuwa tsayin santimita 5. Lokaci ɗaya ne ba a wasa da shi, daga mako guda kafin fure zuwa mako guda bayansa. A nan ruwa ya zauna. Wanda ya bi wannan ƙa'ida yana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba, saiwa ta ƙara nutsawa, gubar taɓo ta ragu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai noman rani da inji a fadamun Kebbi da Sakkwato da Jigawa ya san kowace awa da inji ya yi yana kuka daga aljihunsa take fita. Metan ma na raguwa sosai. Gonakin shinkafa na duniya su ke fitar da kusan kashi ɗaya bisa goma na metan ɗin da ɗan Adam ke jawowa, kuma tana cikin iskokin da ke ɗumama duniya. Rabonmu a ciki kaɗan ne in an kwatanta da Asiya, kuma ba zan ce wa manomi ya sauya nomansa don wannan ba, amma an yi dace, abin da ke rage ta shi ke rage masa kuɗin mai.

Ba kowace gona ce wannan ya dace da ita ba. Ƙasa mai kanwa ko gishiri, irin wadda ke yin fari-fari in ta bushe, shanyawa na jawo mata gishirin sama. Mai rairayi da yawa ruwan zarcewa yake yi. In kuma aka wuce gona da iri wajen busarwa, naitirojin ya koma naitiret, da an sako ruwa sai ya tashi. Ciyawa ma za ta samu sarari, sai an tashi tsaye a kanta.

Wasu masu sauraro sun ji labarin tsarin SRI, wanda wani limamin Katolika Bafaranshe, Henri de Laulanié, ya haɗa a Madagaska a farkon shekarun 1980. Ana dasa ƙaramin iri mai ƙasa da mako biyu, ƙwaya ɗaya a rami, da tazarar santimita 25, ƙasa na da laima ba ta nutse ba, ana cire ciyawa da ɗan keken turawa mai motsa taɓo, ana sa takin gida. Manoma a yankin Tumbutu na Mali sun gwada sun ga ƙari a fili. Masana dai sun yi ta jayayya kan wasu alƙaluma masu girman gaske da aka jingina wa tsarin, kuma ni ma ba na ba da shawarar a yi wa manomi alkawarin abin al'ajabi. Amma ginshiƙansa su ne waɗanda muke magana a kai tun ɗazu.

Haka nan kwalaben da ake tallatawa a ce ƙwayoyin gyaran ƙasa ne. Na waken soya, wanda ake cuɗa iri da shi kafin shuka, an gwada an ga amfaninsa. Na shinkafa kuwa sakamakonsa na hawa da sauka, kuma halitta mai rai da ta yi watanni a rumfar kwano cikin zafin Afrilu da wuya ta isa gona da rai. Wanda zai saya ya gwada a fangali ɗaya tukuna. Maganin ciyawa ma a tsaya a ma'aunin da aka rubuta, domin a nan illarsa ga halittun ƙasa kan zama ta ɗan lokaci. Ninka ma'auni da gauraya kala uku a tanki ɗaya shi ne ɓarna, kuma maganin da ke hana ciyawa amfana da hasken rana yana taɓa gansakukar nan mai amfani.

Duk wannan magana za ta tsaya a rediyo muddin ba a taɓa yadda ake riƙe fili da yadda ake raba ruwa ba. Masu noman shinkafa da yawa a wuraren ban-ruwa haya suke yi, ta shuka ɗaya. Amfanin kara da takin gida kuwa ba ya bayyana sosai sai shekara ta biyu ko ta uku. Wa zai kashe kuɗinsa ya gyara ƙasar da baɗi za a ba wani, ko a ƙara masa kuɗin haya don ta yi kyau? Ina roƙon masu filaye, da iyayenmu dagatai da masu unguwanni da ake ƙulla yarjejeniya a gabansu, su duba hayar shekara uku zuwa biyar, da sharaɗin ba a ƙona kara. Mai fili shi zai fi kowa cin ribar wannan sharaɗi.

Ruwa ma haka. Babu manomin da zai bar fangalinsa ya tsage sai ya tabbata ranar da ya nemi ruwa zai samu. Na bakin kanal yana cika gonarsa har ta tumbatsa don tsoron gobe, na ƙarshen layi yana kwana a gona yana jira. Na farko yana kashe saiwarsa da yawan ruwa, na biyu yana kashe tasa da ƙishi. Aikin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa ya gyara magudanai a Kano da Haɗeja da Bakalori, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Waɗannan ƙungiyoyi su ke da ikon kafa jadawalin da kowa zai yarda da shi, su kuma tsare shi. Su ne kuma suka fi dacewa su ware fangali biyu gefe da gefe a kowane layi, ɗaya a noma shi yadda aka saba, ɗaya a mayar masa da kara, a kafa masa fayif, a cusa masa yuriya cikin taɓo. Ranar casa malamin gona ya zo da ma'auni, a auna na nan a auna na can a gaban kowa, a rubuta har da litar man da aka ƙona da buhunan takin da aka zuba, a kuma maimaita a wuri ɗaya shekara uku a jere.